Yadda na karɓi lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a Texas, da abin da na gani kan holsta da kayan sawa

Assalamu alaikum ’yan uwa. Tun da wasu suka ji na karɓi lasisin ɗaukar ƙaramar bindiga a nan jihar Texas ta Amurka tambaya ta yi mini yawa, wannan ya kira wancan ya turo saƙo, kuma kusan duk abu ɗaya ne, nawa ake kashewa, wace bindiga zan saya. Ba wanda ya taɓa tambayata a ina zai sa ta a jikinsa, alhali wallahi a nan aikin yake, musamman mu da muke sa kaftani muna sallah sau biyar a rana. Shi ya sa nace bari in zauna in rubuta yadda abin ya tafi daga farko. Ni ina da ɗan shagon kayan abinci ne a kudu maso yammacin Houston, nakan rufe da dare in fito da cinikin ranar a hannu, wannan ne dalilina, ba sha'awar bindiga ba. In kai ba ka da irin wannan larurar ba wanda ya ce dole ne, nauyi ne babba kake ɗora wa kanka.

Abu na farko tun kafin ka kashe ko sisi, duba takardunka. Ɗan ƙasa da mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, doka ta ba su dama su mallaki bindiga. Wanda yake kan bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi sai a wasu ’yan keɓantattun halaye, wanda kuwa bai da takardu kwata-kwata dan Allah ko taɓa ta kada ya yi, laifi ne babba da zai iya kai shi gidan yari daga nan a maida shi gida. Wani zai ce ai tun 1 ga Satumba 2021 Texas ta yarda mai shekara 21 da bai da wani laifi ya ɗauki bindiga ba lasisi, to me ye na wahala? Haka ne, amma ni ban ba kowa shawarar ya bi wannan hanyar ba. Da lasisi jihohi irin su Oklahoma da Louisiana da Florida za su karɓe ka, sannan akwai dokar tarayya da ta hana bindiga cikin ƙafa 1,000 kewaye da makaranta, wadda mai lasisin jihar ne aka ɗauke wa, kuma a Houston da wuya ka yi tuƙin minti goma ba ka gifta makaranta ba. Ga kuma karatun da za a yi maka, wanda shi kaɗai ma ya isa dalili.

Na fara ne da cike fom a shafin intanet na hukumar tsaron jama'a ta jihar, wato DPS. Kuɗin dala 40 ne, da can 140 ne aka rage shi a 2017. Za su tambayi lambar lasisin tuƙinka, da adireshin duk inda ka zauna da inda ka yi aiki cikin shekara biyar da suka wuce, da ko an taɓa kama ka, da batun shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa. Ka tanadi adireshin nan a takarda tukuna kafin ka buɗe fom ɗin, don mu baƙi mun fi kowa canza gida, mutum sai ya zauna yana ta lissafin wace shekara ya bar wane fulat. Kuma ka faɗi gaskiya, ko da ƙarar da aka kore ce ka rubuta ta ka haɗa da takardar kotu, za su gani ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba. Wanda ake bi bashin kuɗin kula da yara ko na haraji shi ma zai iya samun cikas. Tunda ba a nan aka haife mu ba sai an haɗa da kwafin girin kad ko takardar zama ɗan ƙasa. Bayan na biya sai aka ba ni lambar da zan yi bukin ɗaukar hoton yatsu a kamfanin IdentoGO, na biya wajen dala 10, aikin bai kai kwata ba na fito, hoton fuska kuwa na jikin lasisin tuƙi suka ɗauka.

Sai aji. Doka ta ce awa huɗu zuwa shida, akwai na intanet akwai na ido da ido, ni na zaɓi na ido da ido ranar Asabar don ina son in yi tambaya a amsa mini, na biya kusan dala 80 ban da kuɗin fili da harsashi. Malamin tsohon soja ne, dattijo mai haƙuri, ya bi da mu dokokin makami da lokacin da doka ta yarda mutum ya kare ransa, da yadda ake kashe rigima da baki, da yadda ake ajiye bindiga a gidan da ke da yara. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ya yi ta nanata cewa daga ranar da ka fara ɗauka kai ne mai ba da haƙuri a kowace gardama, wani ya zage ka a titi ka wuce, ya ƙwace maka wurin fakin ka bar masa. Ya nuna mana allunan da ake mannawa a ƙofa, mai lamba 30.06 ya hana mai lasisi shiga da ita a ɓoye, 30.07 ya hana shiga da ita a fili, 30.05 na marasa lasisi ne, sai mai jan rubutu 51% na wuraren da mafi yawan cinikinsu giya ce. Makaranta, kotu, rumfar zaɓe, gidan waya, cikin filin jirgi bayan wurin bincike, duk ba a shiga. Jarrabawar rubutu ba wuya in ka saurara, kashi 70 ake nema.

Harbin ne ya ɗan tayar mini da hankali, gabana sai faɗuwa yake don ban saba da ƙarar ba a rufaffen wuri ga mutane jere a gefenka kowa na saki. Harsashi 50 ne, 20 daga yadi 3, 20 daga yadi 7, 10 daga yadi 15, kuma ana neman maki 175 cikin 250. Gaskiya in ka natsu tun a layi biyun farko ka kusa haɗa makinka. Shawarata kaje filin harbi ka biya malami ya koya maka riƙo da tsayuwa kafin ranar, don ajin lasisi ba wurin koyon harbi ba ne, gwaji kawai suke yi. Da na ci malamin ya sa hannu a takardar shaidar kammala ajin, wato LTC-100, na ɗauki hotonta na tura a shafin tare da sauran takardu. Daga nan sai jira, doka ta ba su har kwana 60 daga ranar da komai ya cika, nawa bai kai haka ba ya iso ta akwatin wasiƙa. Lasisin farko yana yin wajen shekara huɗu, sabuntawa kuma biyar.

To a nan ne na gane an gama mai sauƙin. A lokacin jiran na yi ta zuwa fili ina hayar bindigogi ina gwadawa, kuma wannan dabarar ta taimake ni ƙwarai. Glock 19 ta yi mini daɗin harbi, tana cin harsashi 15, amma ni siriri ne kuma mariƙinta doguwa ce. Na gwada Sig P365 da Glock 43X masu cin 10, na tsaya kan 43X don ta fi zama a tafin hannuna. Abin da sabon shiga bai sani ba, ba bakin bindiga ne ke tona asiri a ƙarƙashin riga ba, shi yana cikin wando, mariƙin ne ke turo riga. Saboda haka in kana zaɓe ka fi duba tsawon mariƙi da kaurinsa.

Holsta kuwa, wato kuben da ake sa bindiga a ciki a ɗaura a jiki, kasuwarta cike take da tarkace. A wani shago mai sayarwa ya miƙo mini wata ta yadi mai laushi, wai tana shiga kowace bindiga, araha kuma. Da na kai wa malaminmu ya gani sai ya cire harsashi ya duba ya sake dubawa, ya sa bindigar a ciki, ya danna yatsa ta bayan yadin, sai ga kunamar ta motsa. Yace wannan ba za ta hau jikin ɗalibinsa ba. Sharuɗɗa uku ya ba ni kuma har yau da su nake auna kowace holsta, ta rufe kunama ruf da abu mai tauri ta ɓangare biyu, ta riƙe bindigar ko an kifa ta ba za ta faɗo ba, sannan bakinta ya tsaya a buɗe bayan an zare don kada sai ka sa ɗayan hannun a gaban bakin bindiga wajen mayarwa. Na ƙare da ta roba mai tauri da ake kira Kydex, wadda aka ƙera ta daidai da samfurin bindigata, in ka tura za ka ji ƙas ta kama. Wajen dala 70 na biya. Ta fata mai kyau ita ma tana yi, ta fi daɗi a jiki, sai dai in ta tsufa bakinta kan yi laushi ya lanƙwashe ya shiga wurin kunama, dole a riƙa dubawa. Sai bel. Bel ɗin da muke sawa na kwalliya ba ya ɗaukar wannan nauyin, zai saki bindigar ta karkato waje wandon ya riƙa zamewa gefe ɗaya kana ta gyarawa kowa na kallonka. Akwai bel na musamman mai ƙarfi a ciki, shi ma na ba da kusan dala 60, kuma ranar da na sa shi sai naji kamar an rage rabin nauyin.

Wurin sawa a ƙugu da agogo suke kwatanta shi, cibiya ƙarfe 12, kwiɓin dama ƙarfe 3, tsakiyar baya ƙarfe 6. Na fara da ƙarfe 4, wato bayan ƙashin kwiɓi kaɗan a cikin wando. A tsaye lafiya lau, tafiya ma ba damuwa, amma da na sunkuya ɗaukar buhun shinkafa a shago sai mariƙin ya ɗago rigar kamar an kafa tsinke, haka kuma a ruku'u, duk wanda ke sahun bayanka ya gama gani. A mota kuma kujera ta danne ta. Ƙarfe 6 ban ma gwada ba, malamin ya ce in ka faɗi ta baya ƙarfen kan ƙashin bayanka zai sauka, kuma ba ka ganin abin da ke faruwa a can. Sai na koma gaba wajen ƙarfe 1, tsakanin cibiya da ƙashin ƙugu. Nan ta fi ɓoyuwa, tana gabanka ba mai taɓa ta ba ka sani ba, ruku'u ba ya tona ta. Amma fa ka sani bakinta na kallon cinyarka inda babbar jijiyar jini take, kuskure a nan ba ya ba da damar gyara, shi ya sa sharaɗin holsta mai tauri ba abin wasa ba ne. Sujada da zaman tahiya sun ba ni wuya da farko, ƙasan holstar na tokare mini mara. Abin da ya gyara shi ne na ɗaga ta sama kaɗan a kan bel, na manna ɗan matashin soso a ƙasanta ta ɓangaren jiki, ga kuma wani ɗan fiffike da ake ɗaura mata wanda ke tura bel ya kwantar da mariƙin a ciki. Gyaran rabin inci sai ya canza komai, don haka kada ka yar da holsta mai kyau tun ba ka kunce sukurorinta ka matsa ta nan da can ba. Ta idon sawu da ta hammata na gani wurin wasu, ta ƙafa tana da nisa kuma in ka cire takalmi ka naɗe wando wajen alwala shikenan ta fito.

Kayan sawa na yau da kullum ba su da wahala sosai. Wando ka ƙara inci ɗaya ko biyu a ƙugu don holstar na cin wuri. Riga mai ɗan faɗi da ba a cusawa, mai duhu ko mai zane-zane ta fi farar da ba komai a jiki, kuma yadi mai ɗan nauyi ya fi mai mannewa. Zafin Houston kuwa sai wanda ya zauna, gumi zai jiƙa ƙarfen kullum, dole ka sa singileti tsakanin fatarka da holsta, ka kuma riƙa goge bindigar da ɗan mai don tsatsa. Wani abu da na lura, makonnin farko ji kake kowa ya gani, hannunka sai kaiwa wurin yake yana taɓawa yana jan riga, kuma wannan taɓe-taɓen ne ma ke jawo ido. Ni maman yara na sa ta riƙa duba ni ina tafiya ina zama ina miƙa hannu sama, in tace ba a gani sai in yarda in cire raina.

Kayanmu na gida su ne babbar magana kuma ba malamin da zai koya maka wannan a aji. Wandon kaftani zariya gare shi, zariya kuwa ba ta riƙe holsta, in ka maƙala ta a kai ranar da ka ja bindigar da holstar za su taho tare, ko nauyin ya ja wandon ƙasa. Sa bindigar tsirara a aljihun kaftani kuma haɗari ne tsantsa, aljihun na lilo, makulli ko kwabo na iya shiga wurin kunama. Abin da na yi, na je wurin telanmu a nan nace Malam wandon nan a yi mini shi da ƙugu irin na wandon Bature mai madaukan bel, ya kalle ni yace Alhaji lafiya, nace lafiya lau bel nake son sawa, ya ɗinka ba tare da ya ƙara tambaya ba. Daga waje ba ka bambanta shi da sauran. Akwai kuma irin holstar da ke zuwa da nata ɗamarar a ƙarƙashin kaya ba ruwanta da wando, kamar Enigma ta kamfanin PHLster, ita ce ta fi dacewa da jallabiya, kuma na ga ’yan uwa mata masu abaya ma za ta yi musu. Ta roba mai naɗe ciki in za ka saya ka tabbata wurin kunamar mai tauri ne. Wajen yadi shadda mai sitaci ta fi komai rufa asiri don ba ta kwanciya a jiki, farin boyel kuwa har inuwar baƙin ƙarfen ana hangowa. Sai tsawo. Kaftanin da ya wuce gwiwa kafin ka tattaro shi ka kai ƙugu an daɗe, babbar riga kuma ta ɓoye komai amma ta ɗaure maka hannu, jamfa mai tsayawa a cinya ita ce daidai. Ni dai ranar da zan sa manyan kaya na haƙura da ɗauka gaba ɗaya.

Kuma yawan yadin nan shi ne ya fi ba ni tsoro wajen mayar da bindiga cikin holsta, don gefen riga ko bakin zariya in ya shiga tare da ita zai iya jan kunama kamar yatsa. Ba gaggawa a mayarwa ko kaɗan, ka kawar da riga da ɗaya hannun, ka kalli cikin holstar da idonka, yatsa a miƙe a waje, ka ɗan ja baya ka tura a hankali, in kaji wani abu ya tokare ka tsaya. Mafi sauƙi ma da safe ka sa bindigar a holsta tukuna sannan ka maƙala su tare, da dare ka cire su tare, a ban ɗaki ma haka, kada ka raba su. Gwajin zarewa a gida nake yi da kowane irin kayan da nake sawa, bayan na cire harsashi na kai shi wani ɗaki na duba ciki sau biyu, ina fuskantar bangon da ba kowa a bayansa.

Batun masallaci, tun 2019 dokar Texas ta ɗauki wuraren ibada kamar sauran wuraren masu zaman kansu, in hukumar wurin ba ta hana ba an yarda, in ta sa allo ko ta gaya maka da baki to an hana. Ni ban tsaya kan doka kaɗai ba, na samu shugaban kwamitinmu a gefe nace Baba ga halin da ake ciki, yace ɗana a bar ta a mota, akwai waɗanda aka ɗora wa tsaro, nace to Baba an gama. Ai Manzon Allah SAW ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni, ya kuma hana nuna ɗan uwa da makami. Don haka na sayi ƙaramin akwatin ƙarfe mai waya da ake ɗaurewa a ƙafar kujerar mota, kuma tun kafin in iso wurin fakin nake sa ta ciki da holstarta, ba a gaban jama'a ba, don a mota ake yawan sace bindigogi. A gida ma akwati ne mai lamba, dokar jihar na hukunta wanda ya bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai gare ta, mu kuwa gidajenmu ba sa rabuwa da yaran baƙi.

Masu tuƙin Uber da Lyft ku sani ƙa'idar kamfanonin ta hana direba ɗaukar bindiga, lasisin jiha bai goge wannan ba. Masu zuwa Bronx ko Chicago ko Maryland wurin dangi, New York da Illinois da Maryland da New Jersey da California ba sa karɓar lasisin Texas, za a iya kama ka, ka duba dokar kowace jihar da za ka ratsa kafin ka tashi. Najeriya kuwa katin nan bai da wani amfani, kuma kafin tafiya gida ka zazzage jakunkunanka kaf, harsashi ɗaya da ya maƙale a aljihun jaka ya isa ya tsayar da kai a filin jirgi.

In ɗan sanda ya tsayar da kai kana ɗauke da ita, dokar Texas ta ce in ya nemi shaidarka ka ba shi lasisin tuƙi haɗe da na bindigar. Mu baƙar fata ba ma manta Philando Castile da ɗan sanda ya harbe a cikin motarsa a Minnesota a watan Yulin 2016 bayan ya faɗa da bakinsa cewa yana da bindiga, kuma yana da lasisi. An taɓa tsayar da ni da dare kan fitilar baya, na sauke gilas, na kunna fitilar ciki, na ɗora hannu biyu kan sitiyari, da ya iso nace ina da lasisi kuma tana gaban ƙuguna ta dama, yaya kake so in yi. Yace in bar ta inda take, ya karɓi katunan ya duba ya dawo mini da su. Katunan nan biyu da takardar inshora a jikin marufin rana na saman gilas nake maƙale su in zan yi tuƙi, don kada hannuna ya nufi ƙugu neman walat.